Tauraron Ɗan Adam: Babba Guda Ɗaya Ko Ƙanana Da Yawa?

Me ya fi cin kuɗi a aikin harba tauraron ɗan adam?

Nauyi. Duk kilon da aka ƙara sai an biya kuɗin ɗaukarsa a roka, shi ya sa injiniyoyi ke auna batir, faifan sola da mai kamar masu awon zinare. Kuɗin harbawa ya sauka tun da kamfanin SpaceX na Amurka ya fara dawo da rokar Falcon 9 ƙasa a 2015 don sake amfani da ita.

Nisan da za a kai shi fa?

A nan gizo ke saƙa. Tauraron da ke nisan kilomita 35,786 yana tafiya daidai da juyin duniya, daga ƙasa kamar a tsaye yake, sau ɗaya za a saita dish. Guda uku sun isa kusan duk duniya. Sai dai kafin saƙo ya je amsa ta dawo, an ci rabin daƙiƙa ko fiye. Ga talabijin ba komai, amma a kiran bidiyo sai ku yi ta karon magana.

Na Starlink, ƙananan taurarin intanet na SpaceX waɗanda suka fara aiki a Najeriya a 2023, suna nisan kimanin kilomita 550 ne, ga sauri. Amma kowanne cikin mintuna yake wucewa, dole a harba dubbai, kuma shekara biyar ake sa ran ɗaya zai yi.

Mai arha ba zai yi saurin lalacewa ba?

Ba lallai ba ne. NigeriaSat-1, tauraron ɗaukar hoto na Najeriya wanda kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera aka harba a 2003, kusan kilo 100 ne kacal, kuma ya zarce shekara biyar ɗin da aka yanka masa. Abin da aka sadaukar shi ne kaifin hoto: yana ganin gona da ambaliya, ba ya ganin mota.

Idan babban ya mutu fa?

Wannan ce tambayar da nake ganin ya kamata a fara da ita kafin maganar farashi. An harba NigComSat-1, babban tauraron sadarwa na Najeriya, daga ƙasar Sin a watan Mayun 2007 da niyyar ya yi shekara 15. Faifan solarsa ya samu matsala, ya daina aiki a Nuwamban 2008. Inshora ta tsaya wa asarar, amma sai Disamban 2011 aka harba madadinsa, NigComSat-1R. Shekara uku ke nan masu hulɗa da shi suna hayar taurarin wasu.