Thole: kalmar da Landan ta yar, Sikotland ta riƙe

Har gobe a Sikotland da arewacin Ailan za ka ji dattijo ya ce "thole" in yana nufin jure abin da ba yadda za a yi da shi, ko sanyi ne, ko ciwo, ko rashi.

Kalmar tsohuwa ce ƙwarai. A tsohon Turanci "þolian" ake rubuta ta, da harafin þ da ya ɓace daga baya, kuma tana cikin Beowulf, wata doguwar waƙa ta tsohon Turanci. Danginta suna nan a Jamusanci, inda "Geduld" ke nufin haƙuri, da kuma "tolerare" na Latin. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci irin su "endure" da "suffer" suka yi ta ture ta, har ta fita daga Turancin boko. Arewacin Birtaniya kuwa bai sake ta ba.

A 1785 mawaƙin Sikotland Robert Burns ya tone sheƙar ɓera da garma cikin Nuwamba, ya yi masa waƙa, yana jimamin cewa yanzu sai ya "thole" ruwan ƙanƙarar hunturu ba matsuguni. Ƴan Sikotland da suka yi ƙaura zuwa Ulster, wato arewacin Ailan, a ƙarni na 17 sun tafi da ita, shi ya sa mawaƙi Seamus Heaney, ɗan wannan yanki, da ya fassara Beowulf zuwa Turancin zamani a 1999, ya tsinci kalmar a tsohon rubutu ya gane ita ce wadda ya ji a bakin gwaggonsa.

Amma inda ta fi kafuwa, a ganina, shi ne kotu. Dokar Sikotland tana cewa mutum ya "tholed his assize", wato ya riga ya sha shari'arsa, saboda haka ba a sake gurfanar da shi kan laifi ɗaya. Zaɓen wannan aikatau yana burge ni, don ya amince cewa tsayuwa gaban alƙali wahala ce a karan kanta, ko da an wanke mutum daga baya.

Ƙa'idar ta daɗe ba a taɓa ta ba, sai da shari'ar Angus Sinclair ta girgiza ta. An zarge shi da kashe ƴan mata biyu a 1977, bayan an ga fitarsu daga mashayar World's End a Edinbara. A 2007 alƙali ya ce hujja ba ta isa ba, shari'ar ta rushe, jama'a suka fusata. Majalisar Sikotland ta yi doka a 2011 da ta ba da damar sake shari'a in sabuwar hujja mai ƙarfi ta fito a manyan laifuffuka, ko mai laifi ya amsa da bakinsa, ko an murɗe shari'ar farko. A 2014 aka sake gurfanar da Sinclair, aka same shi da laifi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai, aƙalla shekara 37. Ya mutu a kurkuku a 2019.