Mene ne tirim tab a jikin kwalekwale mai inji?

Tirim tab faranti ne na ƙarfe guda biyu da ake kafawa a ƙasan allon bayan kwalekwale, ɗaya dama ɗaya hagu, kowanne da hinjinsa domin ya riƙa sauka yana hawa. Idan ka saukar da shi, ruwan da ke gudu ta ƙarƙashin jirgi sai ya bugi farantin ya karkata ƙasa, shi kuma ya tura gindin jirgin zuwa sama. Gindi na ɗagawa, goshi na sauka. Duk wanda ya taɓa sa tafin hannu cikin ruwa mai gudu ya ɗan karkata shi, ya ji irin wannan turin.

Me ya sa ake bukatarsa? Ƙaramin jirgi nauyinsa a baya yake: inji a baya, batir a baya, tankin mai da matuƙi ma galibi can. Da ka ba shi wuta sai gindin ya nutse, goshin ya miƙe sama har ya tare maka gani, injin yana ta kuka yana shan mai, jirgin kuma yana ture ruwa maimakon ya hau samansa. Tirim tab yana gajarta wannan wahala. Jirgi ya hau ruwa da wuri, kuma ya iya zama a kai ko da ka rage gudu. Yana maganin tsalle-tsallen nan da goshi ke yi sama da ƙasa a ruwa kwance. Idan kuma mutane sun taru gefe guda, ko iska ta kwantar da jirgin, faranti ɗaya kawai za ka saukar ya miƙe. Ka dai lura, aikinsa a gicciye yake: saukar da na dama yana ɗaga gindin dama, ya danne goshin hagu.

Ba ya ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Ina jaddada wannan ne saboda mutane da dama suna sayensa da fatan ƙarin gudu. Zaman jirgi a ruwa yake gyarawa, kuma idan ka saukar da shi fiye da kima, ja zai yi ya rage maka gudun ma. Sannan dabam yake da ɗaga inji ko kwantar da shi, wanda kusurwar farfela yake sauyawa.

Iri-iri ne. Akwai mai aiki da famfon da ke matsa mai ta bututu ya tura farantin, wanda kamfanin Bennett na Amurka ya yi suna a kai. Akwai mai ƙaramin injin lantarki a cikin sandar da ke tura farantin, irin na Lenco, wanda ya fi sauƙin haɗawa tunda babu famfo babu bututu. Akwai kuma mai sarrafa kansa, irin Smart Tabs na Nauticus: yana sauke a ƙaramin gudu, ƙarfin ruwa ya ɗaga shi idan gudu ya ƙaru. Wannan na ƙarshe ya dace da jirage ƙanana, amma ba ka da ikon gyara karkata da shi kana cikin tafiya. Wajen girma, shawarar da aka saba bayarwa ita ce faɗin inci 1 ga kowace ƙafa ta tsawon jirgi, wato jirgi mai ƙafa 18 ya samu faranti mai kusan inci 18, idan bayan yana da fili.

Kafa shi da kanka abu ne mai yiwuwa, amma aikin awo ne kafin ya zama aikin huda. Ka fito da jirgin tudu ya bushe. Ɗora miƙaƙƙen katako a ƙasan jirgin ya zarce baya, shi ne ma'auninka. Hinjin ya zauna kamar kwatan inci sama da wannan layi, bakin farantin na baya kuma ya ɗara haka tsawo idan an janye shi gaba ɗaya, domin kada ya taɓa ruwa lokacin da ba a bukatarsa. Takardar da ta zo da kayan za ta ba ka ainihin adadin, ita za ka bi. Ka matsar da farantan can gefe-gefe, nan suka fi tasiri, sannan ka juya injin iya juyawarsa dama da hagu ka tabbata bai gogi komai ba. Kafin ka huda, leƙa ta ciki: kada bakin injin huda ya faɗa kan tanki ko waya.

Inda na fi damuwa shi ne ramukan sukurori. Allon bayan jiragen faiba da yawa katako ne a tsakiyarsa, kuma ramukan nan ƙarƙashin ruwa suke kwana. Ramin da ba a toshe da kyau ba zai riƙa tsotsar ruwa shiru-shiru, katakon ya ruɓe daga ciki, kuma shi ne ke riƙe da injinka. Ka cika kowane rami da gam ɗin da aka yi domin aikin ƙarƙashin ruwa, ka shafa a jikin sukurun, ka ɗaure har ka ga gam ya ɗan tsattsafo ta gefe. Wanda ke shiga ruwan gishiri ya kafa guntun zinki a kan farantin, ƙarfen da gishiri zai ci a maimakon farantin, kuma kada ya shafe zinkin da fenti. Wayar wuta kuwa ta bi ta fiyus.

Ranar gwaji ka nemi ruwa kwance. Danna maɓallin saukar da farantin kaɗan, kamar rabin daƙiƙa, ka saki, ka jira jirgin ya amsa kafin ka ƙara, domin ba nan take yake amsawa ba. Idan igiyar ruwa tana tahowa ta gabanka, saukar da goshi kaɗan yana rage dukan da jirgin ke sha. Amma idan ta bayanka take biyo ka, janye farantan duka biyu. Goshin da aka danne zai iya cusa kai cikin igiyar da ke gaba, jirgin ya murɗe gefe farat ɗaya, sitiyari ya ƙwace maka.