Ruwa ya janye, me ya sa ake cewa a dakata da tafiya?

A watan Oktoban 2022 Kogin Neja ya cika ya tumbatsa, ruwa ya hau hanyar Abuja zuwa Lokoja a Koton Ƙarfe. Tireloli da tankokin mai suka yi kwanaki a layi, fetur ya yi wuya a Abuja. A ƙarshen Mayun 2025 kuma ambaliyar Mokwa a Jihar Neja ta ci rayuka sama da 150, ta karya gada a hanyar da ta haɗa Arewa da ƙasar Yarbawa. In irin wannan ta faru, hukumomi kan roƙi wanda tafiyarsa ba dole ba ce ya zauna gida.

Kwalta na nan lafiya lau. Mene ne abin tsoro?

Kwalta fata ce kawai. Abin da ke ɗaukar nauyin mota shi ne cikon jar ƙasa da tsakuwa da ke ƙarƙashinta. In ruwa ya kwana a kai, cikon ya jiƙe ya yi laushi, wani wuri ma ruwa ya rarake shi ya bar rami. Daga sama ba ka ganin komai, sai babbar mota ta taka wurin ya rufta. Haka gada: ruwa mai ƙarfi yana kwashe ƙasar da ke riƙe da ginshiƙanta, ita kuwa tana tsaye kamar babu abin da ya same ta. Bakin gada da kan kwalbati sun fi ko'ina haɗari.

Ruwan bai kai gwiwa ba, ba zan iya ratsawa ba?

Kada ka ratsa. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, na santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci.

Motata ɗaya me za ta rage wa hanya?

Kowa haka yake faɗa, shi ya sa layi ke yin tsawo. Sau da yawa hannu ɗaya ne ya rage ana bi. A bayanka akwai motar asibiti, akwai tankar mai, akwai kayan agajin NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, akwai tumatir da ke ruɓewa da shanun da ke galabaita cikin rana. Masu gyara ma sai sun sami fili kafin su shigo da katafila.

To wace tafiya ce dole?

Kai marar lafiya asibiti, kai abinci da magani, fitar da iyali daga inda ruwa ya ci. Biki da suna da ziyara za su iya jira. Ta'aziyya ce ta fi nauyi a zuciya, na sani. Amma a kira waya a yi gaisuwa, a je in hanya ta gyaru. Babu mai hankalin da zai ga laifinka.

In tafiyar ta kama dole fa?

Ka fara zuwa tasha ka tambayi direbobin da suka dawo ranar, su suka san inda ya karye. Ka saurari sanarwar Hukumar Kiyaye Haɗurra, lambarta ta gaggawa 122 ce. Ka tashi da safe, kada dare ya same ka a wurin da ya lalace. In jami'ai sun tare hanya, kada ka bi ta daji don wani ya ce akwai yanke.