Kalmar "restore": gyara ce, maidowa ce, ko farfaɗowa?

Duk mai riƙe da wayar hannu ya taɓa cin karo da ita. Ka sayi sabuwar waya, ka sauke WhatsApp, sai ya tambaye ka ko za ka danna "restore". Ga tambayoyin da ɗalibai da masu fassara suka fi yi a kan wannan kalma ta Turanci.

Mece ce ainihin ma'anarta?

Mayar da abu yadda yake a da. Sai abu ya taɓa kasancewa, sannan ya ɓace, ko ya lalace, ko aka ƙwace shi, kafin a yi maganarta. Shi ya sa wanda bai taɓa ajiye kwafin hirarrakinsa ba, ko ya kwana yana dannawa, ba abin da zai dawo masa.

To da wace kalmar Hausa za a fassara ta?

Babu guda ɗaya da za ta ɗauke nauyin duka, sai an dubi abin da ya biyo bayanta. Idan wutar lantarki ce, "restore power", mu cewa muke an dawo da wuta. "Restore order" bayan tarzoma, an maido da doka da oda ke nan. Kayan sata da aka miƙa wa mai shi, an mayar masa. Mara lafiyar da romo da hutu suka tayar, an farfaɗo da shi. Tsohon gini kuwa an gyara shi, amma a nan ne Hausar ke ɗan gazawa, don "gyara" ta cika faɗi.

Ina bambancinta da "repair" da "renovate"?

"Repair" aikin bakanike ne: mota ta tsaya, ya sa mata kowane ƙarfe ya samu, ta tashi, shi ke nan. "Renovate" sabuntawa ce. Ka kankare daɓen gidan kakanka ka shimfiɗa tayil, ka cire azara ka buga silin, gida ya yi kyau amma ya daina kama da na kaka. Mai "restore" ba zai yi haka ba. Zai nemo irin ƙasar, irin azarar, ya kira maginin da ya san zanen bangon, don burinsa baƙo ya shigo ya ga gidan kamar ranar da aka gama shi. Da cocin Notre-Dame da ke Paris ya kama da wuta a Afrilun 2019, irin wannan aikin aka yi masa: aka sake rufin da katakon itacen oak kamar na asali, aka buɗe shi a Disambar 2024. A ganina, mai fassarar da ya rubuta "an sabunta" a nan ya juya maganar.

"Recover" da "reinstate" fa?

"Recover" mai abin ne ke samu da kansa: majinyaci ya murmure, ɗan kasuwa ya karɓo bashinsa. "Restore" kuwa wani ne ke yi wa wani abu, ba ta tsayawa ita kaɗai a jimla. "Reinstate" ta muƙami ce, kamar ma'aikacin da aka kora kotu ta ce a mayar da shi bakin aiki.

Me ya sa ake rubuta "Restoration" da babban baƙi a littattafan tarihi?

Saboda suna ne na wani zamani. A 1649 Turawan Ingila suka fille kan Sarki Charles na Ɗaya, suka soke sarautar. A 1660 suka kira ɗansa, Charles na Biyu, daga gudun hijira ya hau gadon. Wannan maido da sarauta shi ake nufi. Da sunan ake kiran abin da ya faru a Japan a 1868, lokacin da mulki ya koma hannun Sarki Meiji.

Sauran kalmomin da ke dangin "restore" su ne "restorer", mai sana'ar maido da tsofaffin zane-zane ko kujeru, da "restorative", abin sha ko magani mai dawo da ƙarfi.

Gaskiya ne tana da dangantaka da "restaurant"?

Ƙwarai. Tushensu ɗaya, kalmar Latin "restaurare", kuma ta bakin Faransawa ta shiga Turanci. A Paris ta ƙarni na 18, "restaurant" sunan romon nama ne da ake ba wanda jikinsa ya yi laushi, daga baya sunan ya koma kan shagon da ake sayar da shi. Har da "store" a dangin, daga Latin "instaurare". Ita ce muka ara muka ce sito, ɗakin nan da ake tara buhunan masara.