Ƙasar noma da sarauta: tambayoyi kan rikicin Hausawan Sudan da maƙwabtansu

Tun yaushe Hausawa suke zaune a karkarar Sudan?

Hanyar hajji ce ta fara kawo su, domin mahajjatan da ke tafiya a ƙasa sukan yada zango su yi noma don tara guzuri, da yawa kuma nan suka tare. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Buɗe gandun auduga na Jazira a 1925 ya ƙara jawo 'yan ƙwadago.

Me ya haddasa faɗan 2022 a jihar Nilul Azraƙ, wato Blue Nile?

Hausawan jihar sun nemi a ba su masarautarsu a cikin tsarin mulkin gargajiya da ake kira idara ahliyya, shugabannin ƙabilun Funj, Hamaj da Barta kuwa suka ƙi, bisa hujjar cewa ba a naɗa sarauta ga wanda ba shi da ƙasar gado. Faɗa ya ɓarke a Yuli a yankin Rusairis, aka kashe fiye da mutum 100, abin da ya sa Hausawa zanga-zanga a Kasala, Gadarif da Khartum. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, ɓarnar ma ta fi ta farko.

Me ya sa sarauta ta kai a zubar da jini a kanta?

Saboda a ƙauye basarake ne yake raba gona, shi yake yanke hukunci idan an yi jayayya kan iyaka ko shanu sun yi ɓarna, kuma ta bakinsa hukuma take jin kukan jama'a. Manomin da kakansa ya sare daji amma yake ƙarƙashin sarautar wata ƙabila, a idon al'ada aro aka ba shi, ko da ya shekara hamsin yana noma wurin. Su kuma masu ƙasar suna tsoron cewa yarda da sabuwar masarauta daidai yake da yarda a yanke musu wani yanki har abada. Tsoron kowane ɓangare yana da tushe, kuma a ganina wanda ya ce ƙiyayyar ƙabila ce kawai bai fahimci lamarin ba. 'Yan siyasa ma sun ƙara wa wutar itace, musamman bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba ta 2020 tsakanin gwamnati da 'yan tawaye, lokacin da ɓangarorin tsofaffin 'yan tawaye suka shiga neman magoya baya ƙabila-ƙabila.

Ashe takardar zama ɗan ƙasa ba ta wadatar ba?

Ba ta wadatar ba. Dokar 1970 ta zamanin shugaban ƙasa Numairi ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, alhali yawancin gonakin karkara ba su da rajista. Tun daga nan doka take faɗin abu ɗaya, al'ada tana faɗin wani, gwamnati kuma ta riƙa ba manyan 'yan kasuwa filayen noman tarakta. Da aka ƙara wa madatsar ruwan Rusairis tsawo a 2013, ruwa ya cinye ƙauyuka da gonakin bakin kogi, aka tsugunar da ƙabilu dabam-dabam a sababbin garuruwa inda gonar ba ta isa kowa ba.