Faɗan yara a Zango: tambayoyin da iyaye ke yi

Duk wanda ya tashi a gidan haya a Aboabo ko Asawase cikin Kumasi ya san yadda ake yi. Yara biyu su kaure a bakin famfo kan wanda ya riga ajiye bokiti, kafin la'asar iyayensu mata sun daina gaisawa, alhali yaran tuni sun koma buga ƙwallo tare.

Ba gara a ƙyale su su shirya da kansu ba?

In cacar baki ce tsakanin sa'anni, a ƙyale su, ana lura daga nesa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Amma da zarar an kai hannu, ko kullum yaro ɗaya ake tarar wa, wannan cin zali ne, dole babba ya shiga.

To in na shiga, me zan fara yi?

Ku raba su, ku zaunar da su, shari'a sai daga baya. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna. Yaron da ke huci, hawaye da majina sun haɗe masa, ba ya jin nasiha. A ba shi ruwa ya sha tukuna.

Sannan kowa ya faɗi nasa ba tare da an katse shi ba. Kafin na biyu ya kare kansa, a sa shi ya maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa: "Ka ce na ture maka bokiti ruwanka ya zube." Nan aikin yake, domin yaro da yawa bai taɓa jin ƙarar da ake yi da shi daga bakinsa ba. Daga nan a tambaye su, "To yanzu yaya za a yi?" Sau da yawa su ne za su kawo mafita: wanda ya zubar ya ɗebo wani, gobe a bi layi.

Abin da ke ci mini rai shi ne saurin da muke yi mu ce, "Kai ne babba, ka yi haƙuri," tun ba mu ji ba'asi ba. Yayan ya tashi da ƙullaci, ƙanen kuma ya gane cewa kuka na sayen gaskiya.

Mahaifin ɗana ya ce in an buge shi ya rama. Laifi ne?

Tsoron uban gaskiya ne, ba ya son a raina ɗansa. Sai dai ramuwa ba ta da ma'auni a hannun ɗan shekara tara: mari ɗaya ya koma jifa da dutse. A koya masa ya kare jikinsa, ya ɗaga murya ya ce "Bari!", ya je wurin malam. Kuma in ya kawo ƙara a saurare shi, in ba haka ba gobe ba zai kawo ba.

Bulala fa?

Hukumar ilimi ta Gana ta hana dukan ɗalibai a makarantu tun 2017, a 2019 kuma ta umarci malamai su bi hanyoyin horo da ba duka. A gida ma sai mu tambayi kanmu: in muka zane yaro don ya doki ƙanensa, me ya koya game da mai ƙarfi da mara ƙarfi?

'Yata tana ƙaramar sakandare (JHS), faɗansu da ƙawarta ya koma WhatsApp da gaba.

A wannan shekarun kunya ta fi duka ciwo, don haka kada a yi mata sulhu a gaban jama'a. A kira ta gefe, a nemi ta ajiye waya har gari ya waye kafin ta mayar da martani, sannan su haɗu su biyu, ko da wata inna da dukansu ke jin nauyinta. A tuna mata hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku.

Akwai labarin da za a iya ba su?

Akwai wanda yara ke so. Lokacin da Ƙuraishawa suka sake gina Ka'aba, ƙabilu suka kusa zubar da jini kan wanda zai ɗora Hajarul Aswad. Annabi, yana ɗan shekara 35, ya shimfiɗa mayafi, ya sa dutsen a kai, ya ce kowace ƙabila ta kama gefe su ɗaga tare, shi kuma ya ɗora shi da hannunsa. In kun ba su labarin, ku tsaya kafin zancen mayafin, ku tambaye su yadda su za su raba wannan gardama.