Kayan tarihin Kambodiya: kyauta ce ko mayar da kaya ga mai shi?

Yaya aka yi kayan suka bar ƙasar tun farko?

Yaƙi ne ya buɗe ƙofa. Daga wajen 1970 har zuwa ƙarshen shekarun 1990 Kambodiya, ƙasar da ke kudu maso gabashin Asiya, ba ta zauna lafiya ba, kuma a tsakiyar wannan ne mulkin 'yan kwaminis na Khmer Rouge na 1975 zuwa 1979 ya lashe rayukan mutane kusan miliyan biyu. Tsoffin wuraren bauta na daular Khmer, wadda ta mulki yankin a zamanin da, suka zama ba mai gadi. Ɓarayi sukan sare mutum-mutumin dutse daga idon sawu, su tsallaka da shi Tailan, su bar ƙafafun a kan dakalinsu. Dillalin da sunansa ya fi fitowa shi ne Douglas Latchford, ɗan Ingila mazaunin Bankok, babban birnin Tailan. An tuhume shi a Amurka a 2019, ya mutu a 2020 kafin a yi shari'a, daga baya 'yarsa ta amince ta miƙa wa Kambodiya kayan da ya tara, fiye da guda 100.

To wanda ya miƙa irin wannan kaya, kyauta ya yi?

A ganina a'a. Ko da mutum ya saya da kuɗinsa bai san na sata ba ne, kayan dai yana da mai shi. Waɗancan ƙafafun da aka bari su ne suka zama shaida. A Koh Ker, wadda ta zama babban birnin daular a ƙarni na 10, an tarar da su a haikalin Prasat Chen, aka gwada su da gangar jikin da ke ƙasashen waje, suka dace. Kamfanin gwanjo na Sotheby's ya so sayar da ɗaya a 2011, aka dakatar, ya koma gida a 2014. Gidan tarihin Metropolitan na New York ya mayar da biyu a 2013, sannan ya sanar da mayar da wasu kayan tarihi 14 a Disamba 2023. Duk da haka wanda ya miƙa da kansa ba tare da an kai shi kotu ba ya cancanci yabo, musamman idan ya haɗa da rasit da hotuna, domin takarda ɗaya kan tona hanyar da wasu kayan suka bi.

Me ya sa 'yan Kambodiya suke damuwa da duwatsu haka?

Mu da ba ma bauta wa gunki za mu iya yin wannan tambaya. Su a wurinsu kayan na ɗauke da ruhin kakanni, shi ya sa ake tarbarsu da furanni da addu'o'i. Kuma asarar ba ta tsaya kan mabiya Buddha ba: Khmer Rouge sun rusa masallatan Musulmin ƙabilar Cham, sun lalata Alƙur'anai da littattafansu. Duk wanda aka taɓa ƙona wa littafin kakansa ya san wannan zafin.

Akwai kyauta ta gaskiya kuwa?

Akwai, kuma ita ta fi taɓa mini zuciya. 'Yan Kambodiya da suka yi gudun hijira zuwa Faransa da Amurka sun fita da hotunan iyali, wasiƙu da faifan waƙa, abubuwan da a gida aka ƙone ko aka binne don tsoro. Cibiyar Bophana da ke babban birnin ƙasar, Phnom Penh, wadda aka buɗe a 2006, tana tattara hotuna da sauti da fina-finai. Wanda ya kai mata irin wannan, kayansa ne halak malak, ya ba da shi don jikokin da ba su taɓa ganin fuskar kakarsu ba.

Wanda yake da wani abu a hannu, ina zai nufa?

Ya tuntuɓi ofishin jakadancin Kambodiya ko Ma'aikatar Al'adu da Fasaha ta ƙasar. Kada ya wanke kayan ko ya gyara shi, kada kuma ya cusa shi a jaka ya hau jirgi. Yawancin abin da aka mayar yana sauka ne a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Phnom Penh, wanda aka buɗe tun 1920.